Yadda zaka ba da kwangilar gina lab da mutuware ba tare da an tashi da kango ba

Wannan rubutun na wanda fayil ya faɗo kan teburinsa ne, ko daraktan ayyuka ne, ko jami'in sayayya, ko sakataren asibiti, ko ɗan kwamitin tanda, wato kwamitin da ke tantance masu neman kwangila, da aka kira aka ce masa gwamnati ta amince a gina ɗakin gwaje-gwajen cututtuka haɗe da ɗakin ajiye gawa, ku fara shiri. 'Yan jarida da masu bibiyar ayyukan gwamnati ma zasu tsinci abin tambaya a ciki.

Abin da zaka fara sa wa a ranka shi ne wannan aikin ba irin gina aji biyu da ofishin hedimasta ba ne. Bulo da siminti da kwano su ne mafi sauƙi a cikinsa, kowane magini zai iya. Abin da gwamnati take saya a gaskiya shi ne sanyin da ba ya yankewa, da iskar da ke tafiya ɓangare ɗaya ba ta dawowa, da wuta dare da rana, da hanyar da ƙazanta zata fita ba tare da ta faɗa rijiyar maƙwabta ba. Kuma yawancin irin wannan kwangilar tun kafin a buga talla a jarida ake ɓata ta, ranar da aka zauna aka yi zane ba a kira masu aikin ba.

Saboda haka kafin akitek ya ja layi ko ɗaya, ka tara mutanen da zasu wuni a cikin ginin. Shugaban lab, likitan da ke binciken gawa idan jihar tana da shi, jami'in da ke sa ido kan ɓarkewar annoba, injiniyan na'urorin asibiti, sannan kuma, wannan shi ake yawan mantawa, ma'aikacin mutuware ɗin nan da ya shekara da shekaru yana aikin. Ba shi da digiri amma shi ya san faɗin ƙofar da gadon tura gawa zai wuce, shi ya san inda dangin mamaci suke cunkushewa. Ka ba shi kujera ya zauna, kar a bar shi a tsaye a bakin ƙofa.

Tambayar da zaka yi musu ita ce me za a dinga gwadawa a nan. Lab ɗin lafiyar al'umma daban yake da lab ɗin asibiti da ake zuwa gwajin maleriya da taifot da suga. Shi aikinsa ya gano annoba da wuri, kwalara in damina ta faɗi, sanƙarau lokacin zafi, zazzaɓin Lassa, ƙyanda, zazzaɓin shawara, mashaƙo irin wanda ya addabi Kano a 2023, da gwajin ruwan sha. Mun ga abin da ya faru a 2017 da sanƙarau ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina, mun kuma ga farkon korona a 2020 lokacin da wuraren da ke iya gwajin a duk faɗin ƙasar ba su taka kara sun karya ba, sai an ɗauki samfur an yi doguwar tafiya da shi. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, tana da babban lab ɗinta a Gaduwa a Abuja da wani a Yaba a Legas, asibitin Irrua da ke jihar Edo kuma ya yi suna kan Lassa. Ka rubuta wa NCDC tun yanzu ka nemi shawararsu kan zanen, haka ma hukumar MLSCN wadda doka ta ɗora wa duba dakunan gwaje-gwaje da yi musu rajista. Gara su ga takarda su ce a gyara da su zo bayan an gama su ce a fasa bango.

A nan ne maganar mataki take shigowa. Lab yana da matakan tsaro huɗu, BSL-1 zuwa BSL-4. 'Yan siyasa suna son a ce sun gina BSL-3 saboda ya fi daɗin faɗa a wajen taro, amma ni a ganina yawancin jihohinmu BSL-2 mai kyau suke buƙata, wanda aka sa masa akwatunan tsaron ƙwayoyin cuta masu matatar iska da ake kira HEPA, sauran abin da ya fi ƙarfinsa a tura gaba. BSL-3 yana buƙatar injin da zai dinga zuƙe iskar ɗakin ba tsayawa, ranar da injin ya tsaya ko aka rasa kuɗin canza matata, toh ɗakin ya zama haɗari ga masu aikin ciki. In ba ku da kuɗin riƙe shi duk shekara kar ku faro.

Abubuwan da dole su fito a zanen lab

Wurin karɓar samfur ya zama da tagarsa ta waje, ɗan aike ya miƙa ya juya, ba sai ya ratsa cikin gini da kwalin sanyi a hannu ba. Ɓangaren gwajin PCR, wanda ke gano cuta ta ƙwayar halittarta, ɗakuna ne a jere, inda ake haɗa sinadarai, inda ake ciro ƙwayar halittar cutar daga samfur, da inda inji yake karantawa, kuma aiki gaba yake yi ba ya komowa baya, in aka haɗe su a ɗaki ɗaya don a rage kuɗi sakamakon zai dinga fitowa da ƙarya, a ce mai lafiya yana da cuta. Daɓen ƙasa kar ya zama tayil mai layi-layi da datti ke maƙalewa a tsakani, a yi shimfiɗaɗɗe wanda ya ɗan hau jikin bango yadda za a wanke shi tas. Teburan aiki su zama waɗanda sinadari ba ya ci. Wurin wanke hannu kusa da ƙofar fita, da famfon da ake buɗewa da gwiwar hannu ko ƙafa, da wurin wanke ido in wani abu ya fantsama. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, wadda zafinta ke kai maki 121, ita ma tana son ɗakinta da layin wutarta da hanyar ruwanta.

Sai abin da zanen da aka kwafo daga ƙasar waje ba zai gaya maka ba. Ƙurar hunturu. Tagar da ba ta rufuwa ruf, cikin sati biyu zaka iya rubuta sunanka da yatsa a kan inji na miliyoyi. Ga zafin Afrilu da ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri, firizar da ke sauka zuwa maki 80 ƙasa da sifiri kuwa ita kanta zafi take fesowa, in ɗakin da take ba shi da esi mai ƙarfi kwamfiresonta ba zai yi nisa ba. A rubuta duk wannan a takardar bayanin aiki, kar a bar wa ɗan kwangila ya yi abin da ya ga dama.

Mutuware kuwa sai an yi tunani irin na gida

Mu nan Arewa yawancin mamatanmu ba sa kwana, in mutum ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wannan yana sa wasu su ce ai mutuware ɓarnar kuɗi ce, wasu kuma su kwafo zanen wani gari da ake ajiye gawa wata da watanni su gina ƙaton wuri da ba zai taɓa cika ba amma kullum yana shan dizal. Duk biyun kuskure ne. Ka je ka buɗe rajistar asibitin ta shekarun baya ka ga su waye suke daɗewa. Zaka tarar waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su ne aka kawo ba a san danginsu ba, da gawar da 'yan sanda ko kotu suka riƙe saboda bincike, da 'yan'uwanmu Kirista da ke jiran dangi su taru ko a kai mamaci garinsu, da kuma ranar da Allah ya kawo tsautsayi babba, tirela ta faɗi ko kwale-kwale ya kife, a kawo mutane da yawa lokaci ɗaya. Da wannan lissafin ake fitar da yawan durowar firji, a kuma bar fili da layin wuta na ƙari nan gaba.

Firjin gawa yana zama ne tsakanin maki 2 zuwa 4, waɗanda zasu daɗe sosai kuma suna buƙatar ɓangaren da ke daskarewa. Kar ka yarda a haɗa duk durowoyin a kan kwamfireso ɗaya, a raba su gida biyu ko uku yadda in ɗaya ya lalace za a kwashe zuwa ɗayan. A ware durowa ta gawar da ake zargin cuta mai yaɗuwa, domin gawar mai Lassa tana iya harbin wanda ya taɓa ta, kuma irin wannan ma'aikatan da aka horar ne suke shirya ta, ba a miƙa wa dangi haka nan.

Inda na fi so ka tsaya da kyau shi ne ɗakin wanka. Ko gawar da ba za ta shiga firji ba, sau da yawa dangi suna so a yi mata sutura a nan asibiti a wuce maƙabarta kai tsaye. Toh a yi ɗakin wanka na mutunci, da dandamalin da tsayinsa ya kai ƙugu don kar masu wanka su wuni a sunkuye, da ruwan ɗumi da na sanyi, da wuri busasshe na shimfiɗa likkafani nesa da inda ruwa ke fantsama, da ƙofar da ke rufuwa. Mata ne ke wanke mace, saboda haka ko dai a yi ɗaki biyu ko a tsara yadda matan zasu shiga su fita ba sai sun ratsa ta cikin taron maza ba. A waje a yi rumfa mai inuwa da benci da famfon alwala da banɗaki, da ɗan fili da za a iya yin sahu in an so yin sallah a nan, da ɗakin da iyalan Kirista zasu ga mamacinsu su yi addu'a a natse. Ƙofar fita ta ɗauki makara da mutanen da ke riƙe da ita ta gefe biyu, ko akwatin gawa, ba tare da an karkata ba. Motar ɗaukar gawa ta samu hanyarta ta baya da wurin juyawa, kar ta bi ta gaban ɗakin haihuwa ko kicin. Duk waɗannan ba su kai kuɗin fentin gaban gini ba amma su mutane zasu dinga tunawa.

Ɗakin binciken gawa shi ma yana son tebur na ƙarfen da ba ya tsatsa, da fanka mai zuƙe iska waje saboda sinadarin fomalin yana cin ido da ƙirji, kuma ruwan da ke fita daga nan da na ɗakin wanka da na lab ba a haɗa shi da sokawen banɗakin ofis, tankinsa daban inda za a kashe ƙwayoyin cuta kafin ya wuce.

Fili, maƙwabta, da kuɗi

Ka tabbatar filin na gwamnati ne da takarda, an biya diyya in akwai, an kuma yi gwajin ƙasa kafin a zana fandisho. Kar a zaɓi kwari don kawai shi ne babu kowa a kai, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar dam ɗin Alau a watan Satumban 2024 har asibitin koyarwa na Maiduguri ta shiga. A ɗaga daɓen gini, janareta da firizoji su hau dandamali. Wurin ƙona shara kuma a duba inda iska ta fi kaɗawa, a duba tazararsa da gidaje da rijiyoyi, a nemi amincewar hukumar muhalli. Sannan a je a gaida mai unguwa da dagaci da limamai da fastoci a gaya musu abin da za a gina. Mutane in suka wayi gari suka ji ana gina ɗakin gawa a bayan katangarsu ba wanda ya faɗa musu, sai ka ga takardar koke ta isa gidan gwamnati aiki ya tsaya.

Dokar sayayya ta tarayya ta 2007 ta hana a ba da kwangilar da babu ita a kasafin kuɗi kuma ba a tabbatar kuɗinta na nan ba. Jihohi suna da nasu dokokin da hukumominsu, kamar KADPPA a Kaduna da hukumar bin ƙa'ida ta Jigawa, in kuma kuɗin Bankin Duniya ne toh ƙa'idarsu za a bi, saboda haka ka fara sanin wace doka ce take kanka. Lambobin da zan ambata a ƙasa na dokar tarayya ne. Ƙwararren mai ƙididdigar gini shi zai fitar da BOQ, wato jerin kayan aiki da yawansu da kuɗinsu, kuma ka sa ido kar a dunƙule na'urori a layi ɗaya a rubuta kayan lab kuɗi kaza. Kowane inji da layinsa, ƙarfinsa, wutar da yake ci, garantinsa, wa zai girka, wa zai koyar da ma'aikata. Kusan duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda ƙiyasin bara yake zama tarihi, in ƙiyasinku ya kwana biyu a sabunta shi kafin talla.

Wuta kuma kar a ce sai kashi na biyu na aikin. Taransfoma, janareta biyu, sola da batir na firizoji, na'urar da ke juya wuta da kanta, bohol da tankin sama, duk su shiga tun farko. Kashi na biyun nan sau nawa muka ga ya zo?

Ana iya raba aikin gida-gida, gini daban, wuta da sanyaya daban, na'urori daban, a tallata su tare a fili, wannan halas ne kuma wani lokacin ya fi, domin gwanin zuba kankare ba lallai ya san firjin gawa ba. Abin da yake laifi shi ne a daddatsa kwangila ɗaya ƙanana-ƙanana don kar ta kai adadin da zai sa a tafi neman amincewar sama. In kun raba kuma dole a samu mutum ɗaya mai haɗa kansu, in ba haka ba mai kawo inji zai iso ya tarar ƙofar da aka gina ba ta ɗaukar injin.

Talla da tantancewa

A buga talla a jaridun ƙasa aƙalla biyu da mujallar tanda ta tarayya da shafin intanet na ma'aikata, a ba mutane cikakken wa'adin da doka ta ce, ba a buga ranar Alhamis a rufe Litinin ba. Takardun da aka saba nema su ne rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, ta hukumar fansho PenCom, ta asusun horar da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, rajista a kundin BPP, wato hukumar da ke sa ido kan sayayyar gwamnatin tarayya, bayanan kuɗi da odita ya duba, da wasiƙar banki. Waɗannan kowane ɗan kwangila mai jakar hannu yana da su a shirye, saboda haka ba su ne zasu tace maka ba. Abin da zai tace shi ne ka nemi shaidar ya taɓa gina lab ko tiyata ko mutuware ko ɗakin sanyi, da takardar ba shi aikin da ta kammalawa, da injiniyoyin wuta da na inji masu rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, da wasiƙar kamfanin da ya ƙera na'urorin cewa shi wakilinsu ne kuma akwai mai gyara a cikin ƙasa. Kar kuma a rubuta sunan kamfani ɗaya a ce lallai injinsa, a rubuta abin da ake so injin ya iya. Ma'aunin da za a yi hukunci da shi a sa shi a takardar tanda tun farko, ba a canza shi bayan an ga farashin mutane.

Ranar buɗe tanda a yi ta a bainar jama'a da zarar lokaci ya cika. Akwatin yana kan tebur da kwaɗonsa, agogo na bango kowa na gani, wanda ya iso da ambulan bayan lokaci ko da minti biyar ne a mayar masa da abinsa a rufe, ko ɗan gidan wane ne, kuma a nan zaka ga ana ta matsowa kusa da kai ana raɗa ranka ya daɗe go-sulo ne ya riƙe ni. A buɗe ɗaya bayan ɗaya, a karanta sunan kamfani da farashi da ƙarfi, sakatare na rubutawa, wakilan kamfanoni su sa hannu. Doka ta ce a gayyato masu sa ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta, ka gayyace su da gaske, su ne shaidarka ranar da za a zo bincike. Kuɗin jingina na shiga tanda kuma bai wuce kashi 2 cikin 100 na farashin da mutum ya sa ba.

Yanzu ga inda ake yawan faɗawa rami. Doka ba ta ce a ba wanda ya fi kowa araha ba, cewa ta yi a ba mafi ƙarancin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan an auna su. Sai an gama duba ƙwarewa sannan a zo kan kuɗi. In ƙiyasinku yana nan wani ya zo da abin da bai kai ko kusa ba, ku rubuta masa ya fayyace yadda zai yi, layi-layi, musamman kan na'urori da wayoyin wuta. Araha ba ta ado, irin wannan ko dai ya kawo firjin da aka yi wa fenti aka ce sabo ne, ko ya karɓi kafin alƙalami ya kai gini linta ya dawo yana kukan kaya sun tashi. Sannan kafin ku rubuta rahoto, mutum biyu ko uku daga kwamiti, har da mutumin lab, su shiga mota su je su ga aikin da ya ce ya yi a baya. Kar ku tsaya a ofishin shugaban wurin, ku zagaya baya ku tambayi mai kula da injin sau nawa ya lalace, in an kira kamfanin suna zuwa?

Wanda yake da alaƙa da wani kamfani a cikin 'yan kwamiti, ɗan'uwa ne ko suruki ko abokin kasuwanci, ya faɗa ya fita. Za a kira ka a waya, wannan babu makawa, za a ce Oga yana da sha'awa a kan kamfani kaza. Amsar da ta fi tsare ka ita ce a rubuto a takarda a sa a fayil, yawanci daga nan maganar take mutuwa. Ka tuna hukuncin dokar ga ma'aikacin da aka kama ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ne babu zaɓin tara, ga kora daga aiki, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5 da tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Wanda ya kira ka a waya ba sa hannunsa a ko'ina.

Daga nan rahoto ya tafi kwamitin tanda, in kuɗin ya haura iyakarsu a nemi takardar rashin ƙalubale, wato amincewar a ba da kwangilar, daga BPP ko hukumar jiha. Waɗanda ba su samu ba a sanar da su, suna da kwanakin aiki 15 su kai koke wurin shugaban ma'aikata, in ba su gamsu ba su wuce BPP, daga nan Babbar Kotun Tarayya.

Bayan an sa hannu

Kafin alƙalami a dokar 2007 kashi 15 cikin 100 ne iyaka, gyaran da aka yi a dokar kuɗi ta 2020 ya ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida, kuma ba a sakin ko kwabo sai da garantin banki ko na inshora. Ku rubuta wa bankin da kanku ya tabbatar takardar tasa ce. Garantin kammala aiki kuma bai gaza kashi 10 cikin 100 ba. Sauran biya sai an auna abin da aka yi a ƙasa an ba da satifiket. Ku ma ku dinga biya a kan lokaci, domin in satifiket ya wuce kwana 60 ba a biya ba ɗan kwangila yana da haƙƙin neman kuɗin jinkiri, kuma gaskiya ba duk kangon da muke gani laifin 'yan kwangila ba ne, wasu baitulmali ce ta kashe su.

A yarjejeniyar a rubuta wa'adi da tarar jinkiri, da cewa ba a sayar da aikin ga wani, da cewa injiniyan da aka nuna a takarda shi zai tsaya a wurin, da cewa duk wani ƙarin aiki sai an amince a rubuce kafin a taɓa. Mai sa ido ya kasance a wurin kullum, ya ga rodi kafin a zuba kankare, a ɗebi samfurin kankaren a gwada a kwana 7 da kwana 28, ya ga bututun ƙasa da kaurin waya kafin a rufe su, don abin da aka binne ba ya sake fitowa. Mutanen lab da na mutuware su dinga zagayawa duk wata tun gini yana tsirara.

In ɗan kwangila ya ce ya gama, kar a yi saurin kiran mai girma ya yanke kyalle. A kunna komai a bar shi yana aiki kwanaki a jere ana rubuta sanyin kowane firji safe da yamma. A kashe wutar gari da gangan a ga ko janareta zai ɗauka da kansa, a kashe janareta a ga batir zai riƙe awa nawa. A ɗebo bokiti a sheƙa ruwa a daɓen ɗakin wanka da na binciken gawa a tsaya a kalla, in ruwan ya nufi magudana toh, in ya taru a lungu ko ya gangara ƙofa a fasa a sake. A riƙe ɗan siririn tishu a bakin ƙofar ɗakin da aka ce iskarsa ciki take shiga a ga ina ya karkata. A tura gadon gawa tun daga inda mota ke tsayawa har gaban firji, a ɗauki makara babu kowa a kai mutum huɗu su fita da ita. Akwatunan tsaron ƙwayoyin cuta kuma ƙwararre ya gwada su bayan an girka ya ba da satifiket, wannan gwajin duk shekara ake sabunta shi, saboda haka a sa kuɗinsa a kasafi.

Kuɗin da ake riƙewa, yawanci kashi 5 cikin 100, kar a sake shi sai wa'adin gyaran kurakurai ya cika, kuma ku yi ƙoƙari wa'adin ya ratsa damina ɗaya da bazara ɗaya, damina ta nuna muku rufi da magudana, bazara ta nuna muku esi da firji. Ranar karɓar makulli a karɓa tare da zanen yadda aka gina a zahiri, da littattafan injuna, da takardun garanti, da kayan gyara na shekara biyu, da lambar mai gyara, da sunayen ma'aikatan da aka koya wa aiki da sa hannunsu. Takardar neman ɗaukar ma'aikata da ta kuɗin dizal da sinadarai kuwa tun ranar da aka fara haƙa fandisho ya kamata ta bar teburinka, domin ita ta fi gini daɗewa a hanya.